Nasi lemak da rendang: me ya sa shinkafar ke caɓewa, naman kuma ke yin tauri?

"Assalamu alaikum. Maigidana ya yi shekara huɗu yana karatu a Malesiya, tun da ya dawo kuwa bakinsa bai rabu da zancen nasi lemak da rendang ba. Na gwada sau biyu. Shinkafar ta caɓe, kafin la'asar kuma ta yi tsami a cikin kula. Naman na tafasa na soya yadda muka saba kafin in zuba madarar kwakwa, sai ya fito da tauri, gindin tukunya ya kama, yana ɗaci. Ina kuskuren yake, kuma me zan sa a madadin kayan da babu a kasuwarmu? Sannan bayan Sallah za mu je can, wani abokinsa ya gayyace mu gidansu. Me ya kamata in sani game da yadda suke cin abinci, kada in yi abin kunya?"

Wa alaikumus salam. Malama, tambayarki kashi uku ce: shinkafar da ta caɓe ta yi tsami, naman da ya yi tauri ya kama, sai ladabin zama a gidan Malayawa, wato ƙabilar da ta fi yawa a Malesiya. Biyun farko tushensu ɗaya ne, wato madarar kwakwa, wadda su suke kira santan. Da yawa daga girke-girken Malayawa a kanta suke tsaye. Mu kuwa hannunmu ya saba da tumatir da man gyaɗa da wuta mai ƙarfi, ita santan ba ta son ko ɗaya daga cikin wannan gaggawar. Don haka da ita za mu fara.

Santan kala biyu ce

Ba ruwan da ke cikin kwakwa ake nufi ba. Farin naman kwakwar da ta ƙosa ake gogewa ya yi laushi, a zuba masa ruwa mai ɗumi, a murza, a matse. Matsar farko da ruwa kaɗan ake yi, kamar rabin kofi ga kwakwa ɗaya, ita ke ba da mai kauri da maiƙo, kusan kofi guda. Sai a sake zuba ruwa kofi biyu a kan tuƙar a matse, a sami tsinkakka. Kowacce a kwanonta, domin aikinsu ba ɗaya ba ne: tsinkakkar tana jure doguwar dahuwa, mai kaurin kuwa da ta ji wuta sosai sai ta tsinke, mai ya rabu da ruwa, sauran ya kwanta a ƙasa ya kama. In a na'urar markaɗe kika niƙa kwakwar da ruwa da yawa kika tace sau ɗaya, kin haɗe biyun ke nan. Ba asara ba ce. Ki ajiye ta a firji minti talatin, mai kaurin za ta taso sama, ki kwashe da ludayi.

Kwakwar da ke iso mana Arewa ta sha tafiya, saboda haka ki zaɓa da kyau. Ki girgiza ki ji ruwa yana motsi, ta yi nauyi a hannu, idanunta uku a bushe ba danshi ba fumfuna. In kin fasa kika ji ƙamshin ya juya kamar na tsohon mai, ko naman ya yi santsi, ki bar ta. Kwakwa ɗaya da ta fara lalacewa ta isa ta ɓata tukunya. Santan kuma daf da girki ake matse ta, da wankakken hannu, a jefa mata ɗan gishiri. A zafin garinmu awa biyu zuwa uku a waje ya isa ta fara juyawa.

Shinkafar

Kalmar nasi na nufin dafaffiyar shinkafa, lemak kuma maiƙo, irin maiƙon da ke gamsar da baki. Abincin karin kumallo ne a asali, ana ƙunsa shi a ganyen ayaba a sayar a bakin hanya da sassafe. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar karin kumallon Malesiya cikin jerin al'adun gado na duniya, nasi lemak kuwa na cikin abincin da aka ambata. Shinkafar da ake so a ciki wara-wara ce, tana sheƙi, kowace ƙwaya a rabe da 'yar'uwarta.

Caɓewa yawanci daga lissafin ruwa take. Mutane kan auna ruwan da suka saba dafa shinkafa da shi, sannan su ƙara santan a kai, alhali ita ma santan ruwa ce. Ga farar shinkafa mai dogon ƙwaya kofi uku, ruwan gaba ɗaya kada ya wuce kofi huɗu: mai kauri kofi ɗaya, tsinkakka kofi uku ko ƙasa da haka kaɗan. Ki wanke shinkafar har ruwan ya yi garau, ki tsane ta a kwando. Ki ɗora ta da tsinkakkar kaɗai, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ɗanyar citta kamar tsawon ɗan yatsa a fere a yanka, da albasa ƙarama a rabe. Sai ruwan ya kusa tsotsewa, ramuka sun fito a saman shinkafar, sannan ki zuba mai kaurin, ki juya sau ɗaya da bayan cokali, ki rufe, ki rage wuta can ƙasa na minti goma sha biyar. Ki sauke ki bar ta a rufe minti goma kafin ki barbaza ta. In an zuba mai kaurin tun farko, maiƙon yakan lulluɓe ƙwayar ya hana ta shan ruwa, sai a sami saman bai dahu ba, ƙasan kuma ya yi ƙanzo, mai girki ta ƙara ruwa don ta gyara, daga nan sai caɓewa.

Akwai hanyar da ta fi wannan tabbas, kuma kayan aikinta na cikin kowane gidan Bahaushe: madambaci. Su suna kiran wannan nasi lemak kukus, wato turararre. A jiƙa shinkafa awa biyu, a tsane, a turara minti ashirin kamar za a yi dambu. A juye a roba, a zuba santan mai kauri kofi ɗaya da rabi da gishirinta, a gauraya, a rufe minti goma sha biyar ta shanye. A mayar madambaci wasu minti ashirin, in da sauran ƙarfi a yayyafa tsinkakka a ƙara minti goma. Wannan ba ta kamawa, ba ta caɓewa, ita nake ba duk mai koyo shawarar ya fara da ita.

Shinkafarmu ta buhu da aka turara kafin a casa tana dahuwa, amma ta fi shan ruwa, kusan ninki biyu na awonta, kuma ƙamshin kwakwa ba ya ratsa ta sosai. Basmati ta fi dacewa, da dalili. Malayawa kan ƙulla ganyen pandan biyu ko uku su jefa a tukunyar, shi ke ba da ƙamshin da maigidanki yake tunawa. Sinadarin da ke sa pandan ƙamshi shi ne dai wanda ke cikin basmati. Ba za ta maye gurbin ganyen gaba ɗaya ba, babu abin da zai maye shi, amma ta fi komai kusa. Wasu gidajen sukan ƙara 'yan ƙwayoyin hulba, su ma halba suke ce mata. Rabin ƙaramin cokali ya isa, in ta yi yawa ɗaci take.

Tsamin da kika ji kafin la'asar kuwa daga kula yake. Shinkafa mai santan da aka rufe da zafinta, gumi yana ɗiga a kanta, ba ta kai yamma. Ki bar tururin ya fita tukuna, ki shimfiɗa tsaftataccen ƙyalle a ƙarƙashin murfin, a cinye cikin awa huɗu zuwa biyar. Wadda ta rage firji ne wurinta.

Sambal, wanda shi ne ran abincin

Ba ki ambace shi ba, amma Malayawa da sambal, wato soyayyar miyar barkono da ake ci da shinkafar, suke auna nasi lemak. Ki sami busasshen barkono mai tsawo guda ashirin zuwa ashirin da biyar. In babu, busasshen tattasai guda takwas don launi da kauri, da ɗan barkono don yaji. Ki yayyanka, ki kakkaɓe 'ya'yan, ki tafasa minti goma ya yi laushi, ki zubar da ruwan. Ki markaɗa da jar albasa matsakaita biyu da tafarnuwa uku. Tumatir ba ya shiga. Su sukan sa belacan, wani curi ne na ƙananan jatan lande da aka sa wa gishiri suka ruɓa aka busar, aikinsa a miyarsu kamar na daddawa ne a tamu, kuma gasa shi ake yi kafin a sa. Madadinsa a nan dakakken busasshen jatan lande ne, cokali biyu. Kada ki sa daddawa da sunan kamanni, ɗanɗanon zai koma wani gari daban.

Mai rabin kofi, wuta kaɗan, ana juyawa. Abin da ake jira suna ce masa pecah minyak, ma'ana mai ya fashe: markaɗen ya yi duhu ya koma ja mai zurfi, man ya taso ya kewaye shi, yana tsastsafowa a gefen kasko. Yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin. Wanda aka sauke kafin nan warin ɗanyen barkono yake yi, yana kuma murɗa ciki. Sai bayan man ya fito za a zuba ruwan tsamiya cokali uku, gishiri, da zaƙi cokali biyu. Nasu zaƙin gula melaka ne, na ruwan furen kwakwa, mazarƙwaila kuwa tana tsaya masa sosai. A ƙarshe a zuba yankakkiyar albasa ta yi laushi. Ki ɗanɗana: zaƙi ne zai fara zuwa, yaji ya biyo, tsami ya rufe.

Sauran 'yan rakiya ba wuya: soyayyar gyaɗa da jan ɓawonta, dafaffen ƙwai a rabe, kokwamba, da ƙananan busassun kifi da suke kira ikan bilis. A cire musu kai da hanji don nan ɗacin yake, a ɗauraye da sauri, a bari su bushe sarai kafin a soya, in ba haka ba ba za su yi ƙaras-ƙaras ba. Gyaɗar ake fara soyawa, kifin ya bi a man.

Rendang ba soyayyen nama ba ne

Nan ne babban kuskuren yake, kuma sabo ne ya jawo shi. Mu mukan tafasa nama, mu soya, sannan mu jefa a miya. Rendang da ɗanyen nama ake fara shi, a cikin santan zai dahu, a cikinta zai tsotse, a man da ta fitar kuma zai soyu da kansa. Naman da aka riga aka soya ya rufe jikinsa, kayan ƙamshi ba sa shigarsa, ƙarin awannin da zai yi a wuta sai dai su busar da shi. A 2018 an yi ta ce-ce-ku-ce a Malesiya da Indonesiya bayan wani alƙalin gasar girki a talabijin ɗin Birtaniya ya kushe rendang ɗin kaza na wata 'yar asalin Malesiya saboda fatar ba ta yi ƙaras-ƙaras ba. Abin da ya fusata mutane shi ne rendang bai taɓa zama haka ba.

Asalinsa na mutanen Minangkabau ne na yammacin tsibirin Sumatara, su suka ƙetaro da shi, musamman zuwa jihar Negeri Sembilan. Dabarar adana nama ce a ƙasa mai zafi da danshi: a dafa har ruwa ya ƙare ƙaf, mai da kayan yaji su rufe naman. Dahuwar mataki uku ce, kowanne da sunansa. Yana da romo tsululu, gulai ne. Ya yi kauri ya koma ruwan ƙasa, mai ya fara fitowa, kalio ne. Sai ya bushe ya yi duhu, miyar ta manne a jikin naman, sannan ya zama rendang.

Ga naman sa kilo ɗaya, ki nemi mai 'yar jijiya da ɗan kitse, kamar na ƙwauri ko na wuya, zallar tsoka wargajewa take ta bushe. Yanka manya-manya, kamar girman akwatin ashana, domin zai tsuke. Santan ta kwakwa biyu, mai kauri daban tsinkakka daban. Markaɗe: busasshen barkono goma sha biyar da aka tafasa, jar albasa uku, tafarnuwa biyar, ɗanyar citta, ɗanyen kurkur ko garinsa ƙaramin cokali ɗaya. Sai ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sawa a shayi, su serai suke ce mata, gindin ake so ba ganyen ba, guda huɗu, a daddaka a jefa. Akwai kuma lengkuas, ɗan'uwan citta ne amma ƙamshinsa daban, da ganyen kurkur, da ganyen wani lemo da suke kira limau purut, da busasshen yankan wani ɗan itace mai tsami, asam keping. Tsamiya na tsayawa a madadin na ƙarshen. Ganyen lemun tsami ɗanye da ɗan gogaggen ɓawonsa na rage rashin limau purut. Ganyen kurkur kina iya samu in kin binne saiwar a tukunyar ƙasa. Lengkuas ne ba shi da madadi na gaskiya, ƙara citta yaji kawai zai ƙara, gara a bar gurbinsa. Abin da za ki samu zai yi daɗi, sai dai wanda ya ci na can zai gane akwai abin da babu.

Ki haɗa nama, markaɗe, serai da tsinkakkar santan a tukunya mai faɗin baki da kaurin gindi. Kada ki rufe, so ake ruwan ya tafi. Ya tafaso, ki rage wuta ya riƙa ɓararraka a hankali. Naman shanunmu na kiwo ya fi tauri, zai iya cin awa biyu kafin ya fara laushi, in ruwa ya ƙare kafin nan ki ƙara ruwan zafi kaɗan kaɗan. Da ya fara laushi sai mai kaurin ta shiga, da tsamiya, da gishiri. Gishirin ki sa rabin abin da kike zato, tunda miyar za ta tsuke ƙwarai. Daga nan ba a barin tukunya. Ana juyawa daga gindi da muciya ko faffaɗan cokalin katako, a hankali don kada naman ya farfashe, da farko duk bayan minti biyar, a rabin awar ƙarshe kusan ba tsayawa. Duhun rendang daga santan yake, tana soyuwa sannu a hankali a cikin manta. Tsakanin wannan duhun da ƙuna tazarar kaɗan ce, wuta ce ke raba su. In kin ji ya fara kamawa, kada ki kankare, ki juye a wata tukunyar ki ci gaba. Gaba ɗaya awa uku zuwa huɗu.

Saura kerisik, wanda ake yawan sawa a rendang ɗin Malesiya. Gogaggiyar kwakwa kofi ɗaya ake soyawa a busasshen kasko ba mai, wuta kaɗan, ana juyawa har ta yi launin soyayyar gyaɗa, sai a daka a turmi da zafinta har ta fitar da mai ta zama kamar tunkuza. Cokali huɗu zuwa biyar ake sawa, a minti talatin na ƙarshe, tare da yankakken ganyen kurkur da ɗan mazarƙwaila. In ta wuce launin gyaɗa ta yi baƙi, ki zubar ki sake, ɗacinta ba ya gyaruwa. In kuma aka sa ta da wuri, ita ce ke fara kwanciya a gindin tukunya. Rendang ya fi daɗi washegari.

A gidan Malayawa

In bayan ƙaramar Sallah ne, za ki tarar da su cikin rumah terbuka, wato buɗe gida ga baƙi, abin da kan ci gaba har ƙarshen Shawwal. Musulmi ne masu bin mazhabar Shafi'i, yawancin ladabinsu ba zai zame miki baƙo ba. Ana cire takalmi a bakin ƙofa. Mata da mata kan haɗa hannu sannan kowacce ta kai nata ƙirji. Dattijuwa Makcik ake ce mata, dattijo Pakcik, wadda ta ɗan girme ki Kak. Ki riƙa musu 'yar tsaraba, suna kiranta buah tangan. In za ki wuce gaban manya ki ɗan rusuna, hannun dama a miƙe ƙasa. Nuni kuma da babban yatsa ake yi, ba da manuni ba.

In a ƙasa aka shimfiɗa, maza kan tanƙwashe ƙafa, mata kuwa su naɗe ƙafafu biyun gefe guda. Za ki ga 'yar buta a kan mazauninta mai rami, ta wanke hannu ce, ana tsiyayawa a kan yatsun dama, ba a tsoma hannu. Ki jira sai mai gida ya ce jemput makan, bisimillarsu ke nan, manya kuma su fara. Kowa da farantin shinkafarsa, miya da nama da ganye suna tsakiya, ana ɗiba kaɗan kaɗan daga gefen da ke kusa da kai, ba a tula komai lokaci guda. Da kan yatsu ake ci, babban yatsa ya tura lomar, abinci ba ya kaiwa tafin hannu. Abu ɗaya da zai iya ba ki mamaki: da hannun dama ya ɓaci, da hagu ake kama cokalin ɗiban miya, a nemi afuwa a taƙaice. Su a wurinsu ɓata mariƙin cokalin da kowa zai taɓa shi ne abin kunyar.

Kada ki ƙi abin da aka miƙo miki kai tsaye. Suna da tsohuwar al'ada da suke kira kempunan, cewa wanda ya bar abincin da aka yi masa tayi ko ransa ya biya bai taɓa ba, wani tsautsayi na iya samunsa. Ko waɗanda ba su yarda da wannan ba sun riƙe ladabin, don haka ko kin ƙoshi ki ɗan gutsura. Za a yi ta ce miki tambah, wato ƙara. In kin isa sai ki ce sudah kenyang, terima kasih, na ƙoshi, na gode.

Rendang ɗin Sallah ba da nasi lemak za a kawo shi ba. Da ketupat ne, shinkafar da aka dafa a cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa har ta dunƙule, ana yanka ta ta cikin saƙar, ko da lemang, shinkafa mai danƙo da santan da aka gasa a cikin gora da aka shimfiɗa wa ganyen ayaba, a jingine a gefen wuta na tsawon awanni. Za ki ga serunding ma, da kin ɗanɗana za ki gane ɗan'uwan dambun nama ne, sai dai da santan da zaƙi. In an kawo wasu korayen 'ya'ya masu ƙarfin wari a cikin sambal, petai ne, itacensa dangin ɗorawa ne, ki fara da ɗaya.

Kafin ku dawo ki roƙi uwargidan ta raka ki kasuwa. Ki sayi asam keping, busasshen ganyen limau purut, garin lengkuas, gula melaka, ikan bilis da belacan, duk busassu ne, suna yin watanni. Belacan ɗin ki naɗe shi a leda biyu ki sa a kwalba mai murfi kafin ya shiga akwati, in ba haka ba duk tufafinku sai sun ɗauki warinsa.